Izini Daban, Alhaki Daban: Nazari Kan Rabon Ayyukan Karɓar Sabon Ma'aikaci a Manhajar Kula da Ma'aikata

Wata ranar Litinin, a ofishin wani kamfanin rarraba kayan masarufi da na taɓa yi wa aikin ba da shawara a Kano, na tarar da wata matashiya zaune a kan benci daf da ƙofar sashen kuɗi, ta ɗora fayil ɗinta a cinya. A ranar ta kama aiki a matsayin ƙaramar akanta. Tun ƙarfe takwas ta iso, amma har aka kira azahar ba ta da tebur, ba ta da kwamfuta. Shi kansa mai gadi sai da aka buga masa waya daga ciki kafin ya buɗe mata ƙofa, domin babu sunanta a takardar da ke hannunsa.

Kamfanin kuwa yana da manhajar kula da ma'aikata, wadda ake biyan kuɗinta duk shekara. Da muka buɗe ta, sai ga jerin ayyuka goma sha huɗu da aka tanada domin zuwan yarinyar, tun kwana goma da suka wuce. Duk waɗanda ke ɗauke da sunan mutum ɗaya an yi su. Aikin tanadar kwamfuta da adireshin imel kuwa an tura shi ga "Sashen Fasaha", inda mutum biyar ke zaune, kuma kowannensu ya samu saƙo. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, "Malam, saƙon bai iso maka ba ne?" Ya ce, "Ya iso, ranka ya daɗe. Ai dukkanmu aka turo wa. Na ɗauka oga zai faɗi wanda zai yi." Shi kuma ogan yana Legas wajen wani taro.

Wannan nazari ya taso ne daga irin wannan yini. Abin da nake son nunawa shi ne, manhajar kula da ma'aikata ta ƙware wajen raba izini, wato wa zai iya gani, wa zai iya rubutawa, wa zai iya sa hannu. Alhaki kuwa, wato wa za a kira a tambaya idan abu bai faru ba, shawara ce da shugabannin wurin aiki za su yanke da kansu kafin a shigar da ita cikin na'ura. Yawancin ɓarnar da ake gani wajen karɓar sabon ma'aikaci, daga ƙaramar irin ta zaman benci har zuwa babbar irin ta ma'aikatan bogi, tana fitowa ne daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu.

Mece ce karɓar sabon ma'aikaci?

Ɗaukar ma'aikaci yana ƙarewa ne ranar da ya karɓi takardarsa ya amince. Daga nan karɓa take farawa, kuma ba ta ƙarewa sai ranar da ya iya tsayawa da ƙafafunsa a kan aikin. Masana halayyar ma'aikata sun daɗe suna bibiyar wannan zango. A 1979 John Van Maanen da Edgar Schein suka fayyace hanyoyin da wuraren aiki ke bi wajen mayar da baƙo ɗan gida: wasu a rukuni, wasu ɗaya-ɗaya, wasu da tsararren jadawali, wasu kuma a bar mutum ya koya da kansa. A 2010 Talya Bauer ta karkasa aikin gida huɗu: cika sharuɗɗan doka da takardu, fayyace wa mutum abin da ake so ya yi, sanar da shi al'adar wurin, da kuma haɗa shi da mutane.

Amfanin wannan rabo ga nazarinmu a fili yake. Gida na farko shi ne wanda manhaja ke gani da kyau, domin abu ne da ake ƙirgawa: ko dai an kawo kwafin takardar shaidar karatu ko ba a kawo ba. Gida na biyu tana ganinsa sama-sama. Na uku da na huɗu kuwa kusan ba ta ganinsu ko kaɗan. Saboda haka wurin aikin da ya bar manhaja ta tsara masa komai zai wayi gari ya raba aikin takardu tsaf, ya bar sauran ukun ba mai su.

Asalin tunanin izini

Tsarin da kusan dukkan manhajojin nan ke bi, irin su Workday da SAP SuccessFactors da BambooHR, har da na gida irin SeamlessHR ta Legas, ya samo tushe daga ilimin tsaron kwamfuta. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka zayyana ƙa'idar cewa kada a ba kowane mai amfani da na'ura iko fiye da gwargwadon abin da aikinsa ke buƙata. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na cibiyar NIST ta Amurka suka tsara hanyar rataya izini a kan matsayi maimakon a kan mutum, tsarin da ya zama ma'auni karɓaɓɓe a Amurka a 2004. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Ba a cewa Malam wane zai iya ganin albashin ma'aikata. Ana cewa "jami'in albashi" zai iya gani, sannan a ɗora Malam wane a kan wannan kujera. Ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki, izinin yana nan a kujerar, shi ya tashi.

Wannan dabara ce mai kyau, kuma ta warware matsala babba. Sai dai a lura da tambayar da aka ƙirƙire ta domin amsawa: wa za a hana? Manufarta tsare ƙofa. Ba a gina ta don ta tura kowa ya tashi ya yi aiki ba. Idan mutum biyar suna riƙe da makullin ɗaki ɗaya, an san waɗanda za su iya shiga, amma ba a san wanda zai share ɗakin ba.

Masu nazarin gudanarwa suna da tasu amsar, wani jadawali da ke raba hannu huɗu a kan kowane aiki: mai yi, mai ɗaukar alhaki, wanda za a shawarta, da wanda za a sanar. Sharaɗinsa mafi muhimmanci shi ne, masu yi suna iya zama da yawa, amma mai ɗaukar alhaki mutum ɗaya ne tak. Ilimin halayyar ɗan Adam ya goyi bayan wannan sharaɗi. Gwaje-gwajen da John Darley da Bibb Latané suka wallafa a 1968 sun nuna cewa idan mutum ya san akwai wasu da suka ji kiran neman taimako tare da shi, yakan yi jinkirin motsawa, ko ma ya ƙi motsawa sam. Ma'aikatan fasaha biyar ɗin nan na Kano ba malalata ba ne. Na ga yadda suke aiki har dare idan intanet ta ɗauke. Tsarin ne ya sanya su a halin da kowa ke da dalilin jiran ɗan'uwansa.

Ba ina cewa tura aiki ga rukuni kuskure ne a kowane hali ba. Rukuni yana da amfaninsa, domin idan ɗaya ba shi da lafiya wani zai ɗauka. Amma rukunin da ba shi da mai rabo, kuma ba shi da wa'adin da idan ya wuce aikin zai haura kan teburin wani sananne, rami ne da ayyuka ke faɗawa.

Wa ke riƙe da me

Hannaye shida ne galibi ke taɓa sabon ma'aikaci: sashen kula da ma'aikata, shugabansa na kai tsaye, sashen fasaha, sashen albashi, masu kula da gini da tsaro, sai kuma shi kansa. Ba duka nauyinsu ɗaya ba.

Na sashen kula da ma'aikata da na albashi sun fi sauƙin fayyacewa, domin doka ta riga ta kafa musu wa'adi. A Nijeriya, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikacin da dokar ta shafa rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da fara aiki. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, ta kuma ce a aika kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan ma'aikaci ya yi wata shida da kama aiki bai buɗe asusun fansho ba, dokar ta ce mai ɗaukar aikin ya nemi a buɗe masa na wucin gadi. Akwai inshorar rai ta rukuni da ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, akwai kuma kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi da ake biya wa asusun NSITF a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ranarsa, saboda haka manhaja na iya ƙirga kwanaki ta yi tuni.

Duk da haka, ko a nan akwai tsaguwa. Ɗauki asusun fansho. Ma'aikaci ne ke zaɓar kamfanin fanshonsa. Sashen kula da ma'aikata ne ke karɓar lambar asusun. Sashen albashi ne ke cire kuɗin ya aika. To idan lambar ba ta zo ba, aikin wa ne ya bi sawu? A wurare da dama amsar ita ce ba kowa. Ana cire kuɗin duk wata, yana taruwa a asusun kamfani, sai bayan shekara ma'aikacin ya je duba asusunsa ya tarar da shi wayam. Kowane sashe ya yi nasa, ɓarnar ta auku a tsakaninsu. Wannan ne ya sa nake ganin cewa abin da ya fi cancanta a naɗa wa mai alhaki shi ne mahaɗar ayyuka, wato inda takarda ke barin wani hannu ta nufi wani. Wanda ya miƙa bai sauke nauyi ba sai wanda aka miƙa wa ya tabbatar ya karɓa.

Shugaban kai tsaye shi ne hannun da aka fi sakaci da shi, alhali shi ne mafi tasiri. Sashen kula da ma'aikata ba zai iya faɗa wa ƙaramar akanta waɗanne littattafai za ta riƙe ba, ko wane rahoto ake jira daga gare ta ranar Juma'a, ko wane dillali ne ba a ba shi kaya bashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Robert Kahn da abokan aikinsa sun nuna tun 1964 cewa rashin sanin haƙiƙanin abin da ake so mutum ya yi yana cikin manyan abubuwan da ke jawo damuwa a wurin aiki, kuma babu mai iya kawar da wannan duhu sai wanda zai duba aikin. Laszlo Bock, wanda ya shugabanci sashen ma'aikata na Google, ya ba da labari a littafinsa na 2015 cewa kamfanin ya riƙa aika wa manajoji ɗan gajeren saƙo daf da ranar zuwan sabon ma'aikaci, mai ɗauke da abubuwa biyar kacal, ciki har da tattauna aikinsa da shi, da haɗa shi da abokin aiki mai nuna masa hanya, da tsara ganawa duk wata har wata shida. A cewarsa, waɗanda manajojinsu suka bi saƙon sun iya aiki da sauri da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne saƙon ya nufi mutum ɗaya, ya zo a lokacin da ake buƙatarsa, kuma bai yi tsawo ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai: manajan da aka jibga wa ayyuka talatin a allo zai danna "an kammala" a kan dukkansu cikin minti biyu, ba tare da ya yi ko ɗaya ba.

Shi kuma sabon ma'aikacin, manhajojin zamani suna buɗe masa shafi tun kafin ya zo, ya shigar da lambar asusun bankinsa, da lambar NIN, da sunan magajinsa. Wannan yana rage kuskuren kwafi. Amma ya kamata a tuna cewa direba ko lebura da aka ɗauka mai yiwuwa ba shi da babbar waya, ko bai saba da cike takarda da Turanci ba. Idan manhaja ta rubuta cewa aikin "nasa" ne, sannan babu jami'in da aka ɗora wa zama da shi a cike tare, an sauke nauyi ne a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin jerin.

Mai shigarwa da mai amincewa: darasin IPPIS

Zuwa nan muna magana ne a kan aikin da ba a yi ba saboda babu mai shi. Akwai kishiyar wannan, kuma ta fi haɗari: aikin da mutum ɗaya ya riƙe daga farko har ƙarshe. Karɓar sabon ma'aikaci ita ce ƙofar da suna ke bi ya shiga jerin masu karɓar albashi. Wanda zai iya ƙirƙirar suna, ya sa masa lambar asusun banki, ya kuma amince da biya, shi kaɗai, zai iya ƙirƙirar mutumin da babu shi. David Clark da David Wilson sun kafa hujja a 1987 cewa a harkar kasuwanci, raba aiki ɗaya tsakanin hannaye biyu shi ne ginshiƙin tsare gaskiyar bayanai. Bankuna sun daɗe da wannan: mai shigarwa daban, mai dubawa daban.

Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta fara gwajin tsarin IPPIS, mai haɗa bayanan ma'aikata da biyan albashi wuri ɗaya, a watan Afrilun 2007, da ma'aikatu da hukumomi bakwai, bisa tallafin Bankin Duniya. A kan takarda, rabon aikin yana da kyau. Ɓangaren bayanan ma'aikata yana hannun Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, ɓangaren biya yana hannun Ofishin Akanta Janar. Kafin hukuma ta ɗauki sababbin ma'aikata tana buƙatar sahalewar Shugaban Ma'aikata, da tabbacin kuɗi daga Ofishin Kasafi, da shaidar Hukumar Daidaito a Rabon Muƙamai. Sannan a ɗauki hoton yatsun sabon ma'aikacin kafin a sa shi a jeri.

Tsarin ya yi amfani, ba a musun wannan. Amma a watan Fabrairun 2016, kusan shekara tara da farawa, Ma'aikatar Kuɗi a ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin albashi, abin da ya rage kuɗin da ake biya da kimanin naira biliyan 2.29 a wata. Abin da ya tona asirin waɗannan sunaye shi ne gwada jerin albashin da lambar BVN ta bankuna, wato ma'auni daga waje, wanda ba ya hannun masu shigar da sunayen. A 2023 kuma, kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta domin binciken cinikin guraben aiki ya saurari shaidu a bainar jama'a, waɗanda suka nuna yadda kujerar jami'in da ke kula da IPPIS a cikin hukuma take iya zama kasuwa.

Me wannan ke koya wa mai nazarin rabon aiki? Na farko, yawan sa hannu ba shi ne tsaro ba. Idan mai amincewa yana duba abin da mai shigarwa ya rubuta ne kawai, ba shi da wata majiya tasa, sa hannunsa ado ne. Dubawa ta gaskiya tana buƙatar shaida daga hannu na uku: shugaban sashe ya tabbatar cewa mutumin ya zo ya kama aiki da ƙafarsa, banki ya tabbatar cewa sunan asusun ya dace da sunan ma'aikacin. Na biyu, kujerar da ta fi kowace iko a manhaja sau da yawa tana hannun ƙaramin jami'i, domin manya ba su da lokacin koyon na'urar. Babban sakatare yana sa hannu a fayil, amma yatsan da ke danna maɓalli na wani ne a matakin albashi na 8 ko 9. Wanda ke raba izini ga kowa, wato mai kula da manhajar kanta, shi ma dole a raba shi da ikon shigar da ma'aikaci, a kuma sa mai binciken kuɗi ya riƙa karanta tarihin duk abin da ya taɓa. Ba zargi ba ne ga mutumin. Kariya ce gare shi, domin ranar da aka samu matsala zai iya nuna cewa hannunsa bai isa wurin ba.

Ina ya kamata alhakin ya zauna?

Rikicin IPPIS da jami'o'i ya fito da wata fuska ta wannan batu. Bayan umarnin da Shugaba Muhammadu Buhari ya bayar a watan Oktoban 2019 cewa duk ma'aikatan tarayya su shiga tsarin, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙi, tana kafa hujja da cewa doka ta ba majalisun gudanarwa na jami'o'i ikon ɗaukar ma'aikatansu, kuma tsarin bai san da malamin ziyara ko mai hutun bincike da ke koyarwa a wata jami'a ba. Ta gabatar da nata tsarin mai suna UTAS. Batun yana cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas. A watan Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi daga IPPIS.

Ko mene ne ra'ayin mutum a kan ɓangarorin biyu, asalin gardamar rabon aiki ce. Wa ke da ikon cewa wannan mutum ya zama ma'aikaci daga yau, shugaban jami'a a Zariya ko Maiduguri, ko kuwa jami'i a Abuja? Tattara iko a tsakiya yana toshe ƙofar bogi, amma yana nisanta mai yanke hukunci daga mai sanin halin da ake ciki, kuma sabon ma'aikaci ne ke biyan kuɗin wannan nisa da watannin da zai yi ba albashi. Ƙasar Kanada ta ɗanɗana irin wannan da tsarinta na Phoenix da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2016, bayan an tattara aikin lissafin albashin ma'aikatu da dama a garin Miramichi. Dubun-dubatar ma'aikata aka biya ƙasa da haƙƙinsu, ko sama da shi, ko ba a biya su ba sam. A ganina, hanyar da ta fi dacewa ita ce a bar shigar da bayani ga wanda ke ganin ma'aikacin ido da ido, a bar tantancewa ga tsakiya, sannan a sa wa tsakiyar wa'adi kamar yadda ake sa wa reshe. Mai amincewa ma yana da alhaki, kuma jinkirinsa laifi ne da ya kamata manhaja ta nuna da sunan kujerarsa.

Kujerar da babu kowa a kai

Rabon da aka tsara da kyau yakan lalace a hankali. Mutane suna tafiya hutu, suna tafiya aikin Hajji, ana yi musu ƙarin girma, suna barin aiki. Manhajoji da dama suna da hanyar wakilci, inda mai tafiya zai miƙa ayyukansa ga wani na ɗan lokaci, komai kuma ya fito da sunan wakilin. Abin da aka fi yi a ofisoshinmu shi ne, oga ya rubuta kalmar sirrinsa a 'yar takarda ya ba sakatarensa, ya ce, "Idan wani abu ya shigo ka danna min." Da wannan 'yar takarda duk ginin da aka yi ya rushe, domin tarihin manhajar zai nuna oga ya amince da abin da bai taɓa gani ba.

Akwai kuma tarin izini. Jami'ar da ta yi shekara uku a sashen kula da ma'aikata, aka mayar da ita sashen albashi, idan aka ba ta sabon izini ba a karɓe tsohon ba, ta zama mai shigarwa kuma mai amincewa ba tare da kowa ya nufa ba. Sauyin wurin aiki shi ma karɓa ce, kuma yana buƙatar mai alhakin rufe tsohuwar ƙofa.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ƙara wa wannan batu nauyi. Bayanan lafiya, da hoton yatsu, da addini, da ƙabila suna cikin waɗanda ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma dukkansu ana tattara su a makon farko na ma'aikaci. Jami'in fasaha yana buƙatar suna da sashe da ranar farawa domin ya buɗe imel. Ba ya buƙatar sakamakon gwajin asibiti ko adadin albashi. Ɗora wa mutum aiki ba ya nufin buɗe masa fayil ɗin gaba ɗaya.

Mai masauki

Saura gida biyun da manhaja ba ta gani: al'adar wuri da haɗuwa da mutane. A nan Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa. Fatake sun daɗe da sanin cewa baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa kowane zango yake da mai masauki. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda maigida ke saukar da ɗan kasuwar shanu ko goro, ya ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan bashi. Baƙon ba ya sauka a hannun "jama'ar zango". Yana sauka a hannun mutum ɗaya da kowa ya sani, wanda mutuncinsa ke rataye da yadda baƙon ya ƙare.

Kamfanin Microsoft ya gwada irin wannan a kan ma'aikata 600, aka wallafa sakamakon a 2019. Cikin waɗanda suka gana da abokin da aka haɗa su da shi aƙalla sau ɗaya a kwana 90 na farko, kashi 56 cikin ɗari sun ce ya taimaka musu wajen saurin iya aiki. Cikin waɗanda suka gana da shi fiye da sau takwas, adadin ya kai kashi 97. Rubuta suna a gurbin "mai masauki" bai wadatar ba ke nan, yawan zaman ne ke aiki. Saboda haka wanda aka naɗa sai an rage masa wani aikin, sai ya yarda da kansa, kuma kada ya zama shi ne mai auna ƙwazon baƙon, domin akwai tambayoyin da sabon ma'aikaci ba zai yi wa ogansa ba: ina ake sallah, wa ake fara gaisarwa, me ake nufi idan manaja ya ce "za mu duba".

Ita yarinyar nan ta kan benci, wata dattijuwa mai riƙe da kuɗin ƙananan buƙatu ce ta fito daga ƙarshe ta ce mata, "'Yata, taso ki zauna nan kusa da ni, kin ci abinci kuwa?" Ta matsa mata gefen teburinta, ta nuna mata littafin shigar da rasit. Babu sunan dattijuwar a ko'ina cikin ayyuka goma sha huɗun nan. Kirkinta ne ya rufa wa kamfanin asiri a ranar, kuma ba daidai ba ne wurin aiki ya jingina makon farko na ma'aikatansa a kan sa'ar samun mai kirki.

Kirana ga shugabannin ma'aikatu da kamfanoni da masu kula da ma'aikata shi ne, ku buɗe manhajarku ku ɗauko jerin ayyukan mutum na ƙarshe da kuka karɓa. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda kuka ga sunan sashe a gurbin mai alhaki, ku sa kujerar mutum ɗaya da wa'adi da wanda aikin zai haura wurinsa. Duk inda kuka ga kujera ɗaya tana shigarwa tana kuma amincewa, ku raba ta. Ku yi wannan kafin ranar da sabon ma'aikaci na gaba zai tsaya a bakin ƙofarku.